James Hadley Chase: Ɗan tallan littafin da ya sayar mana da Amurkar da bai zauna a cikinta ba

A watan jiya na je gaida kawuna, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, na tarar ana fito da kayan ɗakinsa na zaure saboda gara ta shiga. Cikin kayan akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, irin wanda ake tafiya da shi makarantar kwana. Da aka buɗe sai ga littattafan James Hadley Chase sun fi talatin, takardunsu sun yi ja, kusan kowanne an naɗe bangonsa da tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti.

Na tambaye shi dalilin naɗin. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, yaye ɗaya ka gani." Na yaye na sama, sai ga hoton wata baturiya riƙe da bindiga, tufafin jikinta duka ba su kai ɗankwali ba. Ya ce da wannan hoton a fili, babu yadda za a yi littafin ya kwana a gidan Malam, wato kakana.

Duk wanda ya yi sakandare ko kwalejin horon malamai a ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980 ya san sunan nan. Littafi ɗaya sai ya zagaye aji, a ɓoye shi ƙarƙashin teburi lokacin karatun dare, ya dawo hannun mai shi babu shafin farko. Na ce, "Kawu, ko kun san mutumin nan ba Ba'amurke ba ne?" Ya ce kada in raina masa hankali, wanda ya san lungunan Amurka haka ai can aka binne cibiyarsa. Sai da na buɗe waya na nuna masa, ya karanta sau biyu, ya miƙo mini ita bai ce komai ba.

Ɗan kanar da ya zaɓi talla

Sunan da iyayensa suka raɗa masa René Lodge Brabazon Raymond. An haife shi a Landan ranar 24 ga Disamba, 1906. Mahaifinsa kanar ne, likitan dabbobi a rundunar sojin Birtaniya ta Indiya, kuma burinsa ɗan ya karanci kimiyya. Yaron ya bar gida yana ɗan shekara 18, ya shiga tallan littattafai. Ya bi gida-gida yana sayar da kundin ilimi na yara, daga baya ya yi aiki a wani babban kamfanin dillancin littattafai.

A wurina wannan aikin shi ne makarantarsa. Marubuta da yawa suna zama ne su rubuta abin da ke ransu, sannan su fita neman mai saye. Shi ta ɗaya ƙofar ya shigo. Ya shafe shekaru yana ganin wane littafi ne ke ƙarewa a kanta cikin mako guda, wane ne ke shan ƙura har a dawo da shi. Abin da ya ga yana tafiya a lokacin kuwa shi ne labaran 'yan fashin Amurka.

Amurka ta riga ta gina babbar kasuwar irin waɗannan labarai tun kafin a haife shi. A 1896 mujallar Argosy ta koma buga zallar ƙagaggun labarai a kan takarda mafi araha, wadda ake yi da ɓarzajjen itace. Daga sunan wannan takarda aka samo kalmar pulp, wadda har yau Turawa ke kiran labaran araha da ita. Ana biyan marubutan ne bisa yawan kalmomi, galibi kusan santi ɗaya a kowace kalma, don haka wanda bai iya sauri ba yunwa ce za ta kashe shi. A 1920 aka kafa mujallar Black Mask, inda Dashiell Hammett da Raymond Chandler suka yi suna. Dokar haramta giya da ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933, da karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929, suka cika jaridu da labaran gungun 'yan bindiga. Cikinsu akwai gungun 'ya'yan wata mata da ake kira Ma Barker, waɗanda suka sace wani attajiri a 1933 suka karɓi dala 100,000, suka sake sace wani a 1934 suka karɓi dala 200,000. A Janairun 1935 jami'an tsaro suka harbe matar tare da ɗanta guda a jihar Florida.

Raymond ya karanta labarin wannan gungu daga Landan. Ya karanta littafin James M. Cain mai suna The Postman Always Rings Twice, wanda ya fito a 1934. Sannan ya nemi taswirorin biranen Amurka da ƙamus na sara da zaurancen 'yan titin can, ya zauna ya rubuta No Orchids for Miss Blandish, ya saka masa sunan aro, James Hadley Chase. An sha ruwaito cewa a ranakun hutun ƙarshen mako shida ya gama shi. Littafin ya fito a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wasu ƙananan ɓarayi sun bi 'yar wani hamshaƙin attajiri don su ƙwace sarƙar wuyanta, abin ya rikiɗe ya zama garkuwa, sannan wani gungu da ya fi su mugunta ya ƙwace ta daga hannunsu. Shugabar gungun tsohuwa ce, tana da ɗa mai taɓin hankali da jin daɗin zubar da jini, ya ce shi yarinyar yake so. An biya kuɗin fansa ba a sake ta ba. Da mai bincike ya kuɓutar da ita bayan watanni, abin da aka yi mata ya riga ya gama da ita, ta faɗo ta taga ta mutu.

Littafin ya yi kasuwar da ba a zata ba. A 1944 George Orwell, marubucin littafin da Bala Abdullahi Funtua ya fassara mana da sunan Gandun Dabbobi, ya rubuta doguwar maƙala a kansa. Orwell bai so littafin ba. Ya ce babu abin da ke cikinsa sai bautar ƙarfi, inda mai bindiga ke cin marar bindiga kuma babu wani bambanci na ɗabi'a tsakanin ɗan sanda da ɓarawo. Ya kuma nuna cewa an ɗebo ginshiƙin labarin ne daga littafin Sanctuary na William Faulkner, na 1931. Duk da haka ya yarda cewa aiki ne na gwani, wanda da wuya ka sami kalmar da aka ɓarnatar a cikinsa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne lokacin da littafin ya fi tashe: 1940, sa'adda jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan. Mutane na kwance a ramin ɓuya, mutuwa ta gaske na yawo a samansu, suna karanta harbe-harben ƙarya na wata ƙasa. Shi kansa marubucin a lokacin hafsa ne a rundunar sojin saman Birtaniya, yana cikin masu shirya mujallar rundunar.

Kotu, tara da neman afuwa

Ba na cikin masu wanke Chase. A 1941 ya fitar da Miss Callaghan Comes to Grief, labarin masu tilasta wa mata karuwanci. A 1942 aka gurfanar da shi da kamfanin da ya buga littafin a gaban kotu a Landan bisa laifin wallafa batsa, aka ci kowannensu tarar fam 100, aka hana sayar da littafin. Bayan haka Raymond Chandler ya kama shi da kwashe sassan rubutunsa ya zuba a wani littafi mai suna Blonde's Requiem, har sai da aka buga neman afuwa a mujallar 'yan kasuwar littafi ta The Bookseller. Wannan sata ce, babu wani suna da za a ba ta.

Haka kuma yadda yake zana mata. A yawancin littattafansa mace ɗaya ce daga cikin biyu: ko tarko ce mai kyan fuska da ke jan namiji zuwa halaka, ko kuma abar wulaƙantawa. Hotunan da Kawu ya naɗe da takardar siminti aikin kamfanin Corgi ne mai buga littattafan, amma abin da ke ciki bai yi nisa da bangon ba. Uban da ya ga irin wannan a jakar ɗansa ya ɗaga murya yana da hujja.

Sai dai tarar 1942 ba ta rage masa ko mai karatu ɗaya ba. Ya ci gaba da rubutu har ya kai littattafai kusan 90, wasu da sunayen aro irin su Raymond Marshall da James L. Docherty da Ambrose Grant, kuma an mayar da kusan 50 fim. Faransawa ne suka fi kowa rungumarsa. Jerin littattafan laifi na Série noire da kamfanin Gallimard ya fara a 1945, wanda aka kafa don kawo wa Faransawa labaran Amurka, littattafansa biyu na farko na Peter Cheyney ne, na uku kuma na Chase. Dukkansu mutanen Ingila ne. Ya yi tashe a Indiya da ƙasashen Afirka, daga baya har Tarayyar Sobiyat. Inda bai taɓa yin wani babban suna ba shi ne Amurka kanta. Ziyarar da ya kai can ma ta 'yan kwanaki ce, Miami da New Orleans. Birnin Paradise City da ya ce yana Florida, inda ɗan sanda Tom Lepski ke fama da masu laifi a waje da matarsa a gida, babu shi a taswira. Shi ya ƙirƙire shi.

Mai bashi da mafarkin dare ɗaya

To idan Amurkar tasa ta taswira ce da ƙamus, me ya riƙe mutane shekara arba'in da biyar? Na ari littattafai uku daga akwatin Kawu na karanta a mako biyu don in amsa wa kaina.

Abin da na gani shi ne Chase ya san mutum mai bashi. Bayan littattafansa na farko ya rage gungun 'yan bindiga, ya koma kan ƙaramin ma'aikaci: ɗan inshora, akawun banki, direba, mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kuma kullum kuɗin wasu na wucewa ta hannunsa. A Come Easy, Go Easy na 1960, mutumin ma'aikacin kamfanin akwatunan ajiyar kuɗi na ƙarfe ne, aikinsa gyara su da buɗe su idan sun ƙi. Ya ce bari ya buɗe ɗaya don kansa sau ɗaya tak. Ya tafi kurkuku, ya tsere, ya sami mafaka a wani gidan mai a tsakiyar daji wurin wani mutumin kirki, sai matar mutumin ta gano ko shi wane ne ta ce ko ya buɗe mata akwatin mijinta ko ta kira 'yan sanda. A Just Another Sucker na 1961, wanda aka yi fim ɗin Palmetto da shi a 1998, tsohon ɗan jarida ne da ya fito daga gidan yari ba aiki (nan na ɗan gyara zama), matar wani attajiri ta ba shi kwangilar shirya garkuwar ƙarya da 'yar mijinta don su tatsi kuɗin fansa. Yarinyar ta mutu da gaske, kuma duk shaidu shi suke nunawa.

Kullum hanyar ɗaya ce. Mutumin ya san abin ba daidai ba ne, ya lissafa, ya gaya wa kansa cewa sau ɗaya ne kuma ba wanda zai cutu, sannan ƙaramin abin da bai lissafa ba ya rusa komai. Chase ba ya wa'azi, ba ya tsayawa ya ce maka kwaɗayi mabuɗin wahala. Barinka yake ka zauna cikin kan mutumin kana lissafi tare da shi, har ka tsinci kanka kana fatan shirin ya yi nasara. Wanda ya ga yadda mutane masu hankali suka zuba jarinsu a MMM a 2016, ko yadda aka yi kuka da CBEX a Afrilun 2025, ko ya ga matashi a shagon caca ta ƙwallo yana jiran wasa ɗaya ya sauya rayuwarsa, ya san wannan lissafin. Wannan ɓangaren bai buƙaci taswira ba. A ƙofofin gidajen da ya ƙwanƙwasa yana talla ya koye shi.

Littafin farkon ne ya ba ni wahala. Kawu ya ce lokacin da suka karanta shi, satar mutum don kuɗin fansa abu ne na Turawa, kamar dusar ƙanƙara. Ni kuwa na karanta shi ne bayan Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris 2024, bayan na zauna da iyalan da suka sayar da gona da shanu don haɗa kuɗin fansa. Da wannan idon na lura da abin da ban tsammanin ɗaliban 1978 sun lura da shi ba: yarinyar da aka sace ba ta da suna. Daga farkon littafin har ƙarshensa da sunan ubanta ake kiranta. An san sunan kowane ɓarawo, an san irin bindigarsa da abin da yake sha, ita kuwa an ɗura mata ƙwaya an ajiye ta a ɗaki, da ƙyar ake jin muryarta. A nan ne rubutu daga nesa ya nuna iyakarsa. Ƙamus zai ba ka yadda ɗan fashi ke magana, amma babu shafin da zai ba ka uwar da ke zaune da waya a hannu tana jiran kira.

Namu na gida

Dalilin da ya sa na ga labarin mutumin nan ya shafe mu ya wuce tuna baya. Mu ma muna da namu adabin arahar, kuma mun yi masa irin kallon da aka yi wa Chase. Da littattafan soyayya suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, masana suka shiga muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano. Amma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa sun zaunar da dubban mata da matasa a kan karatun Hausa fiye da yadda wani shirin yaƙi da jahilci zai yi alfahari. A 2012 wani kamfanin Indiya, Blaft, wanda ya yi suna wajen fassara labaran araha na harshen Tamil, ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba da Ingilishi. Kawuna ma da ya koyar da Ingilishi shekara 35, ya ce ba a littafin aji ya iya harshen ba. A cikin akwatin nan ya iya shi.

Yau kasuwar ta koma cikin waya. Ana sayar da labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, ana ɗorawa a Wattpad, ana karantawa a YouTube, ana biyan ɗari biyar ko dubu ta banki. Ina ganin alheri ne, kuma ba na cikin masu cewa a rufe. Abin da nake so marubutanmu su ɗauka daga Chase shi ne tsumulmular kalma. Littafinsa da wuya ya wuce shafi 200. A shafin farko wani ya riga ya shiga matsala, kowane babi yana ƙara ɗaure igiyar, kuma idan labari ya ƙare ya ƙare. Namu sai a kai kashi na 90 ana kwatanta falo da kalar leshin amarya, saboda tsawon labari shi ne tsawon biyan kuɗi. Na fahimci wannan, ai su ma 'yan santi ɗaya a kalma sun yi ta. Amma waɗanda ake tunawa a cikinsu su ne waɗanda suka iya yankewa.

Sai aikin gida. Mutumin da bai zauna a Amurka ba ya nemi taswira da ƙamus don kada ya yi kuskuren titi. Mu kuma sai a kai jarumi Dubai ko Landan ya zama likitan zuciya, ba a bincika ko shekara nawa ake yi ana karatun ba. Alhali ga labarin da Chase ya rubuta da aro yana faruwa a bakin ƙofarmu: mai kai wa 'yan bindiga rahoto da ke sallah a sahu ɗaya da wanda za a sace, mai kai burodi da fetur daji, ɗan da 'yan sanda ke holinsa don ya shirya sace kansa ya karɓi kuɗin ubansa, matar da aka sako ta dawo gidan miji kowa ya yi shiru. Marubuciyar da ke Gusau ko Birnin Gwari ta san sunan yarinyar, ta san uwarta, ta san abin da maƙwabta ke faɗa a bayan idonsu.

Chase ya koma Faransa da zama a 1956, sannan Suwizalan a 1969, inda daga baya ya zauna a wani ƙaramin gari mai suna Corseaux a bakin tafkin Geneva. Mutum ne marar son taro da hira da 'yan jarida, ya zauna da matarsa ɗaya, Sylvia, wadda ya aura a 1932. Littafinsa na ƙarshe, Hit Them Where It Hurts, ya fito a 1984. Ya mutu ranar 6 ga Fabrairu, 1985, yana da shekara 78.

Da na mayar wa Kawu littattafansa uku, ya ƙirga su a gabana, ya duba ko na yaye naɗin. Ya sa an zuba maganin gara a akwatin an ɗora shi a kan bulo. Ina sa takalmi zan fita ya kira ni ya ce, "Ɗana, wannan Paradise City ɗin, ka ƙara dubawa a wayar taka. Ni ina ganin akwai shi, kusa da Miami."